Kwaso mabarata ba ya kashe bara

A watan Oktoba na 2013 aka tsinci gawa 92 cikin hamada, arewa da Arlit. Akasarinsu mata ne da yara, yawancinsu ƴan yankin Kance, waɗanda ƙishirwa ta halaka bisa hanyar Aljeriya bayan motocinsu sun lalace. Ƙasa ta yi zaman makoki na kwana 3. A ƙarshen 2014 magabatan Nijar da na Aljeriya suka daidaita kan maido da ƴan ƙasarmu gida, motoci suka shiga jigila daga Tamanrasat zuwa Agadas. A 2022 kuma jiragen sama suka kwaso ɗaruruwan mabarata daga Dakar, sannan daga Akara.

Ashe gwamnatoci sun iya haɗa kai in sun ga dama. Abin takaici, haɗin kan yana ƙarewa ranar da aka sauke mutane daga mota. Macen da aka maido Kance ko Magariya za ta tarar da abin da ya kore ta yana nan: gona ta tsuke saboda rabon gado, hatsi ba ya kaiwa damina, yara ba takardar haihuwa balle lakkol. Ta ci bashin kuɗin mota, masu bin ta suna jira. Wa zai yi mamaki in ta sake ɗaukar hanya? Ba don tsawo akan ga wata ba, kuma ba da yawan motoci ake raba mutum da yunwa ba.

Muna kira ga magabata: duk yarjejeniyar maido da mutane ta ƙunshi abin da zai riƙe su gida. Ƙasashen da ke kashe kuɗi wajen kora, su zuba rabinsu cikin rijiyoyin noman rani da jarin mata. A bai wa masu cin rani takardun aiki na halal. Hukumar haɗin gwiwar Nijar da Najeriya, wadda aka kafa tun 1971 da mazauni a Yamai, ta sa ido kan yaran da ake tsallakawa da su iyaka.

Ku ƴan kasuwa, zakkarku tana iya zama jari. Ku ma'aikata, takardar haihuwa ɗaya da kuka hanzarta tana iya buɗe wa yaro ƙofar aji. Wanda aka bari a baya ɗan ƙasa ne, kuma kunyarsa tamu ce.