Kafin Mu Hango Ingila, Wa Ke Riƙon Marayun Gobir?

 Ya ku malamai da fatake na Sabon Birni da Isa da Kurawa, zancenmu na wannan mako a kan riƙon maraya yake, da kukan lalacewar zamani da ake yi a zauruka da rumfunan kasuwa.

Asalin zancen daga ƙasar Ingila ya fito. A shekarar 2002 majalisarsu ta yi doka, wadda ta fara aiki a 2005, ta yarje wa maza biyu ko mata biyu masu zaman tare su ɗauki yaro ya zama ɗansu a shari'a. Daga baya wani alƙalin ƙaramar kotu a gundumar Kent, Richard Page, ya faɗa a BBC cewa ya fi wa yaro alheri ya tashi a hannun uwa da uba. Aka tuɓe shi a 2016. Ya ɗaukaka ƙara, kotu ta kore ta a 2021, ta ce alƙali da shaida yake hukunci, ba da abin da ya riga ya ƙudurta ba.

Matsayinmu ba ɓoyayye ba ne. Aure a wurinmu tsakanin namiji da mace yake, yaro kuwa yana da haƙƙin ya san ubansa da uwarsa da danginsa. Dokar da Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a Janairun 2014 ita ma ta hana wancan aure a Nijeriya. Muna kuma ganin bai kamata faɗin wannan ra'ayi ya raba mutum da aikinsa ba. Amma 'yancin magana ba izinin zagi ba ne, balle tunzura samari su taɓa jinin wani ko mutuncinsa. Hukunci na alƙali ne.

To amma, jama'a, laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. A Mayun 2020 'yan bindiga sun kashe fiye da mutum 60 a ƙauyukan Sabon Birni. A Disambar 2021 an ƙone matafiya fiye da 20 cikin mota kusa da Gidan Bawa. A Agustan 2024 Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya rasu a hannun waɗanda suka sace shi. Tun 2019 mutanenmu suka riƙa tsallakawa jihar Maraɗi, wajen Gidan Rumji, neman mafaka. Waɗanda suka mutu sun bar 'ya'ya. Ina 'ya'yan suke kwana? Wa ke ciyar da su? Wa ke biya musu allo?

Shari'a ba ta bar mu cikin duhu ba. Ta hana a canza wa yaro nasaba, kamar yadda ya zo a Suratul Ahzabi game da Zaidu ɗan Harisa, wanda aka mayar wa sunan ubansa bayan an daɗe ana jingina shi ga Annabi, tsira da aminci su tabbata gare shi. Amma abin da ta hana shi ne canza uba; riƙo kuwa ta kwaɗaitar da shi matuƙa. Ɗan riƙo ba ya gadonka, amma kana iya yi masa kyauta kana raye, ko wasiyya da ba ta wuce sulusin dukiyarka ba. Jariri in matarka ta shayar da shi, ya zama muharrami a gidanka. Ashe ƙofa a buɗe take, masu shiga ne suka yi ƙaranci.

Saboda haka muna kira da abubuwa uku. Limamai da masu unguwanni su rubuta sunayen marayun kowace unguwa, har da 'yan gudun hijira. Fatake su fitar da rabon marayu matalauta daga zakkar hatsi da ta kuɗi, masu hali kuwa su ɗauki yaro guda su koya masa ciniki, ba su mai da shi bara ba. Malamai su hau mumbari su faɗi hukuncin baffan da ya cinye gonar maraya, da marikiyar da ta ɗora wa marainiya talla alhali 'ya'yanta suna makaranta.

Nan ne faɗin gaskiya yake da tsada. Tsine wa mutanen Landan ba ya hana kowa cinikin gobe, amma gaya wa maƙwabci ya mayar da gonar ɗan ƙanensa sai mai tsoron Allah. Ranar Alƙiyama ba za a tambaye mu dokar Ingila ba. Marayan da ya kwana da yunwa a bayan katangarmu, shi za a tambaye mu.

Allah Ya kawo zaman lafiya ƙasar Gobir, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Haza wasalam.