Bizar bin miji ta makale: Laifin fasfo ne ko na addini?



Makon jiya wata matashiya ta shigo kantin maganin da nake aiki a Jabi tana neman maganin barci, ba ta da takardar likita. Da muka ɗan zauna sai ta ce mijinta yana Ingila, an kusa shekara da ɗaura aure, maganar biza ta ƙi gaba ta ƙi baya, dangin miji har sun fara ƙananan maganganu. Ta ce, "Anti, ko don sunana na Musulmi ne, ga hijabi a hotona?" Na san a cikinku akwai masu wannan tambaya a zuci.

Batun ƙasa dai gaskiya ne, fasfon da ke hannunki yana da tasiri. A Janairun 2017 Shugaba Donald Trump na Amurka ya hana 'yan ƙasashe bakwai shiga ƙasarsa, dukansu masu rinjayen Musulmi. A farkon 2020 aka dakatar da ba 'yan Najeriya bizar zama ta dindindin, Joe Biden ya soke dokar a ranar 20 ga Janairun 2021, sannan a Disamban 2025 aka sake saka Najeriya cikin ƙasashen da aka taƙaita wa biza. Sai dai ki lura, dokar da ta hau kan Najeriya ba ta ware Amina ta bar Ngozi ba. Duk mai koren fasfo ta shafa.

Addini kuwa, fom ɗin bizar zama a Amurka bai tambaya ba, kuma Amurka da Ingila duk sun yarda da hoton mace da hijabi muddin fuskarta a buɗe take. Ba zan rantse miki cewa babu jami'in da ke da son zuciya ba, kuma akan riƙe takardun wasu a ce ana ƙarin bincike, a yi watanni ba bayani. Amma inda na fi ganin al'amarin aurenmu yana karo da dokarsu shi ne wajen shaida. Mu a wurinmu an taru a masallaci, waliyyai sun bayar, an biya sadaki, an raba goro, aure ya ɗauru. Su takarda suke nema, mai sunan da ya yi daidai da na fasfo, harafi da harafi. Sannan ƙasashen biyu ba sa ba mata ta biyu bizar aure alhali uwargida tana can a matsayin mata. Ingila kuma tana so ma'auratan su kai shekara 18, matar ta ci jarrabawar Turanci, kuma tun Afrilun 2024 ta ɗaga kuɗin shigar da ake buƙata a shekara daga fam 18,600 zuwa fam 29,000.

Yanzu ga ɓangaren da ya shafi aikina. Duk mazaunin Najeriya da zai je ya zauna a Ingila fiye da wata shida sai an yi masa gwajin tarin fuka, wato tibi, a cibiyar da suka amince da ita, kamar ta hukumar IOM a nan Abuja ko a Legas. Ana ɗaukar hoton ƙirji, idan lafiya lau a ba da takardar shaida mai aiki na wata shida. Idan an ga tabo a huhu sai a nemi majina, sakamakonta kuma kan ɗauki har mako takwas, domin ƙwayar cutar a hankali take tsirowa a ɗakin gwaji. Tabo ba ya nufin lallai kina da cutar, yana iya zama na tsohon ciwo. Idan kuma ta tabbata, maganin na wata shida ne, kyauta ake ba da shi a asibitocin gwamnati, kuma ana warkewa sarai. Mai juna biyu ta faɗa tun kafin a ɗauki hoton, akwai zaɓin da za a ba ta.

Ina roƙonki, kada ki sayi ciprofloxacin ko levofloxacin ki sha don tari ya lafa kafin ranar gwaji. Irin waɗannan magunguna suna iya danne alamun tibi ba tare da sun kashe ta ba, su kuma koya wa ƙwayar cutar jure magani. Maganin barci irin su diazepam shi ma jiki yana sabawa da shi cikin 'yan makonni, ki wayi gari ba kya iya runtsawa sai da shi.

Baiwar Allahn nan da na ci gaba da tambayarta, ashe ko fom ba a kai ga shigarwa ba. An ga tabo a hotonta wata huɗu da suka wuce, aka ce ta kawo majina, tsoro ya hana ta komawa, kada dangin miji su ji an ambaci tarin fuka. Mijin ma ba ta gaya masa ba, shi yana can yana zaton layi ne ya yi tsawo. Na auna jininta na ga ya ɗan hau, na ce ta ga likita. Maganin barci dai ban ba ta ba. Ta ce daren nan za ta kira maigidan ta faɗa masa, ranar Litinin kuma ta koma cibiyar gwajin.