Don Allah kar ku zubar wa kowa da maganin barcinsa

1/ Jama'a, yau zan faɗi abin da ya kusa raba mu da gwaggona, kuma mu 'yan gida ne muka jawo, da kyakkyawar niyyarmu. Magana ce ta maganin barci na asibiti. Zaren yana da ɗan tsawo, ku daure ku kai ƙarshe.

2/ Da mijinta ya rasu barci ya ƙaurace mata. Tana cikin takaba, dare zai raba tana zaune kan sallaya ido biyu. Aka kai ta asibiti, likita ya rubuta mata Lexotan na sati biyu, ya ce in ya ƙare ta dawo. Ta samu barci, ba ta koma ba.

3/ Da ya ƙare sai ta ba yaro fankon kwalin ya je kemis ya sayo irinsa. Ba wanda ya tambayi takardar likita. Haka aka yi ta yi har ta fita takaba. Ƙwaya ɗaya ta daina yi mata, ta koma biyu. Kafin kowa ya farga an yi wata tara.

4/ Ran da babban ɗanta ya gano, ransa ya ɓaci. Ya ce, "Haba Umma, ke da kanki?" Ya kwashe maganin ya zuba a masai. Duk muka goya masa baya, har da ni, muna ganin mun cece ta.

5/ Daren farko ba ta runtsa ba. Washegari hannunta na rawa, gumi na keto mata, ƙarar cokali ma firgita ta take yi. A kwana na uku ta yanke jiki ta faɗi tana jijjiga. Aka ce iska ce. Wata maƙwabciyarmu nas ta ce a yi addu'ar, amma a cikin mota, a hanyar asibiti.

6/ Tambayar farko da likita ya yi: wane magani take sha, yaushe ta daina? Da aka faɗa masa ya yi shiru, sannan ya ce irin wannan dainawar tana iya kisa. Wallahi har yau in na tuna sai jikina ya yi sanyi.

7/ Ra'ayina ke nan: yadda muke ce wa mutum "ka daina yau ɗin nan in kana da zuciya" kuskure ne a kan wannan maganin. A wasu abubuwan ƙila ya yi aiki. A nan kam jarumtar ce ke kai mutum gadon asibiti.

8/ Ga dalili. Lexotan, Valium wanda ake ce wa D5, da Rohypnol duk dangi ɗaya ne, sunansu benzodiazepine. A ƙwaƙwalwa akwai sinadari mai suna GABA, aikinsa kamar birki ne, shi ke lafar da ita. Waɗannan magungunan ƙara wa birkin ƙarfi suke yi, sai barci ya zo.

9/ In aka daɗe ana sha kullum, ƙwaƙwalwa sai ta saba, ta rage dogaro da nata birkin. Shi ya sa ƙwaya ɗaya take daina isa. To ka cire maganin rana ɗaya, ka bar mota a gangara ba birki. Rawar jiki, faɗuwar gaba, rashin barcin da ya fi na farko, wani lokacin har jijjiga irin ta farfaɗiya.

10/ Shi ya sa ƙa'idar likitoci ita ce sati 2 zuwa 4, ba fiye ba. Jiki na iya sabawa cikin 'yan makonni ko da mutum bai taɓa ƙetare abin da aka rubuta masa ba. A 2020 hukumar magunguna ta Amurka, FDA, ta sa aka ƙara tsananta gargaɗin da ke jikin wannan dangin saboda haɗarin sabo da na dainawa farat ɗaya.

11/ Kar wani ya ce nasa zolpidem ne ko zopiclone, ba ya ciki. Sunan ne daban, amma wuri ɗaya suke taɓawa a ƙwaƙwalwa, kuma su ma ana sabawa da su.

12/ To yaya ake dainawa? A hankali, tare da likita. Abin da aka saba shi ne a riƙa rage kamar kashi 5 zuwa 10 cikin 100 duk bayan sati ɗaya ko biyu, a duba yadda jiki ya karɓa. In ya yi tsanani a tsaya a wannan matakin, in an daidaita a ci gaba. Yakan ɗauki watanni.

13/ Wani lokacin likita zai mayar da mutum kan diazepam tukuna, don shi yana daɗewa a jiki, saukowarsa ta fi sauƙi. Haka aka yi wa gwaggo. Amma don Allah kar ka ɗauki lissafin nan ka yi wa kanka a ɗaki. Shekaru, ciwon hanta, juna biyu, sauran magungunan da kake sha, duk suna canza tsarin.

14/ Kuma kar a haɗa shi da kodin, tramol ko giya. Benzodiazepine da waɗannan in sun haɗu suna danne numfashi. Mutum zai kwanta barci, shi ke nan.

15/ Na san wani zai ce, "Ai wannan ba wa 'yan ƙwaya hujja ne su ci gaba." Na gane tsoron, duk mun ga abin da ƙwaya ta yi a unguwanninmu. Amma ragewa a hannun likita tana da ranar ƙarewa. Wanda aka tozarta kuwa ɓoyewa zai yi, ya koma kemis a sace, ba mai sanin nawa yake sha.

16/ Laifin ma ba na mutum ɗaya ba ne. Mai kemis da ya sayar ba takarda yana da kaso. Likitan da ya rubuta bai yi bayanin haɗarin da Hausa ba yana da kaso. Mu da muka ga tana hamma da rana muka ce gajiya ce, muna da namu.

17/ Mu ɗalibai ma mu duba kanmu. Lokacin jarabawa a sha kofi da lemon ƙara kuzari a yi karatun dare, jarabawa ta wuce barci ya ƙi zuwa, sai a karɓi "ƙwaya ɗaya kawai" a hannun abokin ɗaki. Maganin da aka rubuta wa wani ba naka ba ne, ko da ciwonku ya yi kama.

18/ In likita ya rubuta maka, tambaye shi kafin ka tashi: kwana nawa zan sha? Dole kullum ne? Yaya zan daina? Sannan ka koma ranar da ya ce. Da gwaggo ta koma bayan sati biyun nan, da babu wannan zaren.

19/ Maganin ba ya cire abin da ya hana barcin. Nata baƙin ciki ne, na wani damuwa, na wani waya har ƙarfe uku. Akwai horon gyara barci da ake kira CBT-I, ba ƙwaya a ciki, kuma shi likitoci suke so a fara gwadawa in rashin barci ya daɗe.

20/ Kaɗan daga ciki: ka tashi lokaci ɗaya kullum ko daren bai yi daɗi ba. Gado na barci ne, ba na kallon waya ba. In ka jima barci bai zo ba, tashi ka zauna sai ka ji shi. Goro, kofi da shayi mai kauri a bar su tun rana, sukan yi awanni a jiki.

21/ In kai ne ka daɗe kana sha, kar ka daina yau saboda ka karanta wannan. Ɗauki kwalin ka je asibiti, ka faɗi gaskiyar adadin da kake sha. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Dawanau, Barnawa, Kware da Maiduguri, kuma zuwa can ba hauka ba ne. In an ga jijjiga ko ruɗewa, gaggawa ce, kar a jira safiya.

22/ Gwaggo ta yi wata shida tana ragewa. Ɗan nata shi ya riƙa kai ta ganin likita, shi ke rubuta ranakun a kalandar falo. Yanzu ba ta shan komai. Wani daren har yanzu yana yi mata tsawo, takan tashi ta yi nafila ta koma. In kun san mai irin wannan a gidanku, ku tura masa zaren nan, kuma ku raka shi asibitin.