Ƙarancin Jini: Ruwa Ba Ya Tsami Banza

Da hutun ƙaramar Sallah na je Furfuri gaida mahaifiyata, na tarar da matar ƙanena mai cikin wata shida ta ɗashe, ko tsakar gida ta share sai haki. Da na tambayi maganin da take sha, sai aka nuna mini kwalaben malt da gwangwanin madara. "Ai na ƙarin jini ne," in ji Inna. Washegari muka kai ta awo Gusau, gwaji ya nuna sinadarin ƙarfe ne ya yi mata ƙaranci.

Mun saba ɗaukar jini tamkar ruwan randa, in ya ragu a ƙara. Alhali kuwa saƙa shi ake yi. A cikin ɓargo ake ƙera jajayen ƙwayoyin jini, kimanin miliyan 2 a kowace daƙiƙa, domin kowace ƙwaya kwana 120 kawai take yi. Zazzaɓin cizon sauro da sikila farfasa ƙwayoyin suke yi bayan an ƙera su. Amma akwai ƙarancin jinin da tun daga masaƙar yake farawa: in ɓargo ya rasa ƙarfe, ko folik asid, ko bitamin B12, ko kuma ƙoda ta gaza aika masa sinadarin da ke zaburar da shi.

Mu Zamfarawa muna da ƙarin dalilin tsoro. A 2010 gubar dalma ta kashe yara aƙalla 400 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, inda ake niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje. Baya ga illarta ga ƙwaƙwalwa, dalma tana hana ƙarfe shiga gurbinsa a cikin ƙwayar jini. Yaron da ta kama, ko ledar jini aka ƙara masa, gyaran ɗan lokaci ne muddin ƙurar tana tsakar gida. Har kwallin da muke rangaɗa wa jarirai, wani na ɗauke da ita.

Don haka, ya mai karatu, in an ce wani naka jininsa ya yi ƙasa, tambayi likita dalili. Mai ciki ta riƙe awo da ƙwayoyin da ake ba ta. A yawaita hanta da wake da zogale, a haɗa da lemon zaƙi, a nisanta shayi da lokacin cin abinci.

Surukar tamu dai ta murmure. Da mun tsaya ga malt, Allah kaɗai Ya san yadda ranar haihuwa za ta kasance.