HAYAƘIN DA BA KA SAYA BA, KAI KE BIYAN KUƊINSA A ASIBITI

Iyayenmu da 'yan'uwanmu na Kotobabi, Nima, Maamobi da New Town, da danginmu na Aflao, Paga da Bawku da wannan takarda za ta iso hannunsu.

Tambaya ɗaya muka zo da ita. Baiwar Allah mai sayar da waakye a bakin tasha, tun asuba da goyo a bayanta, ba ta taɓa sa sigari a baki ba. Don me ita da jaririnta za su wuni suna shaƙar hayaƙin wani? Wa ya kamata ya kare ta? Ina yake?

Hayaƙin taba na ɗauke da sinadarai sama da 7,000, kusan 70 daga ciki suna jawo ciwon daji. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kowace shekara mutum fiye da miliyan ɗaya da ba sa shan taba suna mutuwa saboda hayaƙin na kusa da su. Yaro ya fi babba saurin numfashi, huhunsa bai gama ƙwari ba, don haka shi ya fi kwasa: asma, ciwon haƙarƙari, ciwon kunne. Mai juna biyu da ke zama cikin hayaƙi tana iya haihuwar jariri marar nauyi. Babba kuma, ciwon zuciya da dajin huhu. Buɗe taga ko kunna fanka ba ya kawar da dafin. Shisha da samarinmu suka mayar ado ita ma taba ce. Ruwan da ke cikin tulun ba ya wanke gubar, garwashin ma ƙara nasa yake yi.

Kun san yadda muke zaune a Zango. Gidan haya ɗaya, iyali goma, tsakar gida ɗaya, taga na kallon taga. Mutum ɗaya ya kunna, gida duka ya sha. Mai kuɗi a Cantonments yana da katanga da fili. Talakan Zango doka kaɗai ce katangarsa.

Kuma dokar tana nan. Ghana ta amince da yarjejeniyar duniya ta yaƙi da taba tun 2004, zamanin Shugaba Kufuor, mutuminsu. A 2012, lokacin mulkinmu, majalisa ta zartar da Dokar Lafiyar Jama'a mai lamba 851, wadda ta hana shan taba a wuraren taruwar jama'a, a wurin aiki da cikin motocin haya, sai a wurin da aka keɓe, ta kuma hana sayar wa yaron da bai kai shekara 18 ba. A 2016 muka kawo ƙa'idojin aiwatar da ita, L.I. 2247. Muka bar musu komai a shirye a Janairun 2017. Zuwa ƙarshen 2024, kusan shekara takwas ke nan. Ku duba tashar trotro da kuke hawa, ku duba wurin cin abinci da majalisar shan ataya, ku duba teburin da ake aiken yaro ya sayo sigari. Gani ya kori ji.

Za su ce ba su da ma'aikata. A 2018 da 2019 an kafa mana sababbin majalisun gunduma a Ayawaso ta Gabas, ta Arewa da ta Tsakiya. Mai karɓar kuɗin tikiti ya san hanyar rumfar kowace 'yar kasuwa. Mai duba lafiyar jama'a ne kawai ya ɓata hanya?

Za su ce ba su da ƙarfi. A Yulin 2021 an tashi masu sayar da albasa daga Agbogbloshie zuwa Adjen Kotoku, da yawansu 'yan'uwanmu ne, kuma ministan yankin da ya jagoranci aikin shi ne ɗan majalisar mazaɓar da Kotobabi ke ciki a lokacin. Ranar ba a rasa jami'an tsaro ba, ba a rasa motoci ba. Ashe in don a tashi talaka ne akwai ƙarfi, in don a kare huhun ɗansa ne babu.

Za su ce suna ƙaunar Zango. A 2017 suka buɗe ma'aikata da sunanmu, a 2021 suka rufe ta. A 2023 suka ƙara harajin taba. Ba mu ƙi ba. Amma uwar da ta kwana a asibiti da yaro mai shessheƙa ta ga ko sidi ɗaya daga ciki? Ku 'yan bakin iyaka kuma kun fi kowa sanin yadda sigarin fasa-ƙwauri ke shigowa, mai araha, ba haraji, ba hoton gargaɗi a jikin kwali.

Ɗan'uwa mai shan taba, ba da kai muke faɗa ba. Kai ma kamu aka yi maka. Abin da muke roƙo shi ne ka matsa daga inda yara da mata da tsofaffi suke. Addininmu ya hana cutar da maƙwabci tun kafin a rubuta wata doka.

Ga abin da muka ɗora wa 'yan takararmu, ku riƙe takardar nan ku tuhume su da ita:

1. Allon hana shan taba a kowace tasha, kasuwa da makaranta, da Hausa da Turanci.
2. Hukumar FDA da jami'an gunduma su riƙa zagayawa, gargaɗi tukuna, sannan tara.
3. A hukunta mai sayar wa yaro taba ko shisha.
4. Wurin taimakon mai son dainawa a asibitocin unguwanninmu.
5. A sa limamai, sarakunan Zango da shugabannin mata cikin aikin tun daga farko.

Rigakafi ya fi magani. Wanda ya kwanta a kan doka shekara takwas ba ƙarin huɗu ne zai tashe shi ba. Ranar Asabar, 7 ga Disamba, 2024, ku fito da wuri da katinku, ku zo da maƙwabta. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

KU DANGWALA WA LEMA!

Allah Ya kare mana 'ya'yanmu, Ya ba mu zaɓe lafiya. Amin.