Madubin Ya San Sama, Bai San Hausa Ba

'Yan'uwana ɗalibai, wani dare da rani a Uba na ga an girka madubin hangen nesa mai kwamfuta. Sai a saka masa kwanan wata da lokaci da inda ake, a saita shi da taurari biyu masu haske. Daga nan duk tauraron da ka zaɓa, da kansa zai juya ya nuna maka. Abin gwanin sha'awa!

Amma da na nemi Kaza da 'Ya'yanta cikin jerinsa, sai Pleiades na tarar. Zara da Gamzaki kuwa, duk Venus ne a wurinsa. A ganina, mu ya kamata mu bi dattawan da ke lissafin damina da taurari, mu rubuta sunayen nan tun suna raye.