Araha Ba Ta Ado: Wutar Da Muke Ba Ƙaramar Kwamfuta

Ya kai mai karatu, na san za ka ce me ya haɗa ɗalibin harshe da maganar wutar lantarki. To, asara ce ta haɗa mu. Bara na yi wata biyu ina ɗaukar muryoyin dattawan unguwar Sabo domin aikin kundina, ina tara su a wata 'yar kwamfuta mai suna Raspberry Pi. Ranar da na zo sauraro, katin memorin ya ƙi buɗuwa. Ɗaya daga cikin dattawan nan kuwa Allah ya yi masa rasuwa. Da aka bincika, ashe tsohuwar cajar wayata da na jona mata ce ta jawo mini.

Ita wannan kwamfuta a Ingila aka fara fitar da ita a 2012. Duk kayan cikinta a kan faranti ɗaya suke, girmanta bai wuce katin cirar kuɗi ba. Saboda sauƙin kuɗinta ɗalibai ke sayenta, amma sai mu bar cajarta, mu ce ai akwai wata a ɗaki. A ra'ayina nan ne kuskurenmu.

Ka ɗauki wuta kamar ruwan famfo. Bolt shi ne ƙarfin turin ruwan, amfiya kuma yawan ruwan da ke zuba. Samfuri na 3 yana son bolt 5.1 da amfiya 2.5. Na 4, wanda ya fito a 2019, yana son amfiya 3, na 5 kuwa na 2023 cajarsa har amfiya 5 take bayarwa. Yawan amfiyar caja ba ya cutarwa, domin na'urar abin da take bukata kawai take ja. Ƙarancinsa ne matsala. Tsofaffin cajojin waya da yawa amfiya 1 ko 2 suke bayarwa, kuma siririyar waya mai tsawo tana cinye ƙarfin a hanya. Da zarar ya sauka ƙasa da kimanin bolt 4.63, sai gargaɗi ya fito a kusurwar allo, na'urar ta rage gudu. Na sha ganin gargaɗin nan, na yi biris da shi.

Abu na biyu, kwamfutar ba ta da batir. In aka ɗauke wuta ko ka fizge waya tana cikin rubutu a kati, aikin na iya lalacewa. Saboda haka a kashe ta ta hanyar umarninta, a jira koriyar fitila ta daina ƙyaftawa, sannan a zare. A ƙasar da wuta ke zuwa ba sallama, ta tafi ba ban kwana, a sama mata ƙaramin batirin ko-ta-kwana, kuma a zare ta kafin a tada janareta.

Na uku, akwai 'yan ƙusoshi 40 a gefen farantin. Masu ɗaukar saƙo a cikinsu bolt 3.3 suke jurewa. Wanda ya kuskura ya ba su bolt 5 yana iya ƙone na'urar nan take. Ɗan koyo ya tsaya ga ƙofar caja.

Wani zai ce aljihun ɗalibi ba nauyi, kuma ga wane can yana aiki da cajar waya lafiya lau. Gaskiya ne, ni ma wata biyu na yi lafiya lau. Amma kuɗin caja ta gari ana iya tara shi daga kuɗin abinci, muryar dattijon da ya rasu fa, a wace kasuwa za a saye ta?

Shawarata ga 'yan uwana ɗalibai ita ce, ranar da za ku sayi na'urar ku haɗa da cajarta, kuma duk abin da kuka ɗauko ku ajiye kwafinsa a wuri na biyu kafin ku kwanta. Allah ya ba mu sa'ar karatu, amin.